Salula Ta Riƙe, Kai Ya Huta: Yadda Nake Tsara Ayyukana a Matankari

Mace mai aiki a Matankari, a hanya ake ba ta yawancin aikinta. Tana fitowa daga gidan suna wata ta riƙe mata hannu: "Madam, don Allah takardar haihuwar yaron nan, ke kika san hanya." Kafin ta kai lakwal saƙon murya ya shigo daga ƙanenta na Yamai, ya turo kuɗi ta Nita, a karɓo a kai wa Inna. Darekta na jiran sakamakon aji, matan asusu na jiran lissafin mako, waken da aka kwaso daga gona na jiran buhu kafin ƙwari su riga kowa. Duk wanda ya zo an amsa masa da "to, in sha Allah". Kowace "to" kuwa alkawari ce, kuma alkawari kaya ne.

Ni malamar firamare ce a nan garin. Ni ce kuma mai riƙe da kayen lissafi na ƙungiyarmu ta Mata Masu Dubara, ga miji da yara, ga ƴar gamanata ta gyaɗa da gujiya. Mata da yawa sun fi ni aiki nesa ba kusa ba. Abin da zan iya bai wa mai karatu shi ne hanyar da na bi na sauke wa kaina waɗannan alkawura na ɗora wa salula, da manhajar da ba a biyan ko dala, a garin da rezo ke zuwa yana komawa. Namiji ma hanyar ɗaya ce, misalan kawai zai sauya.

Iyayenmu suna da nasu tsarin. Tsohuwa takan ƙulla bakin zanenta don kada saƙo ya kuɓuce mata, ko ta ce wa jika, "in an yi la'asar ka tuna mini." Lokacin da ƙungiyar CARE ta fara aikin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, yawancin matan ba su karatu, amma asusu bai ɓata ba. Da ka ake riƙe lissafi: a faɗi zubin kowa da bashin kowa a gaban taro, in mako ya zagayo a sake maimaitawa. Ya yi aiki domin magana ɗaya ce, ana yin ta a wuri ɗaya, a rana ɗaya, gaban shaidu. Yau aiki yana shigo mana ta ƙofa goma. Akwai na baki, akwai na kira, akwai zauren WhatsApp na malamai, na dangi, na ƴan ajinmu na da, kowanne da saƙon murya mai minti huɗu wanda ainihin buƙatar take can ƙarshensa. Babu shaida, babu mai maimaita miki. Ke kaɗai ce da kanki.

Shi kuwa kai yana da wani hali da masana suka daɗe da lura da shi. A 1927 wata masaniyar halayyar ɗan Adam mai suna Bluma Zeigarnik, tana aiki a Berlin, ta nuna cewa aikin da aka katse bai ƙare ba ya fi zama a zuciya kan wanda aka gama. Shi ya sa kina tsakiyar sallar isha'i sai kuɗin Inna ya faɗo miki, lokacin da ba abin da za ki iya yi a kai; da safe kuma, da kika wuce ta ƙofar masu biyan kuɗin, shiru. A 2011 wasu masu bincike biyu a Amurka, Masicampo da Baumeister, suka ƙara wani abu mai amfani: ba sai an gama aikin zuciya ke sakinsa ba, in mutum ya tsai da takamaiman shiri na lokacin da zai yi shi da yadda zai yi, damun yakan lafa. Duk abin da zan faɗa a nan a kan wannan aka gina shi.

Zaɓen manhaja ba ya cin dogon bayani. Wadda nake aiki da ita ita ce Google Tasks, wadda ta fito a matsayin manhajar salula a 2018. Ba ta da nauyi, ƙaramar Tecno ko Itel ma tana ɗaukarta, ana rubutu a cikinta ko babu rezo, in ya dawo ta aika da kanta. Duk mai sauke abu daga Play Store ya riga ya mallaki asusun Google ɗin da take buƙata. Google Keep, wadda ta girme ta da shekara biyar, ta fi dacewa da mai son ajiye murya da hoto. Akwai Microsoft To Do, akwai Todoist da ke nan tun 2007, duk suna yi. Shawarata kawai a ɗauki ɗaya a tsaya a kanta, kuma kada a ƙulla zuciya da ita. Wunderlist ta yi suna a duniya, Microsoft ta saye ta a 2015, ta rufe ta a watan Mayu na 2020, masu ita suka kwashe kayansu suka koma wata. Wanda ya iya tsarin bai yi asarar komai ba.

Zaman farko shi ne mai wuya, kuma ba a yin sa a tsaye. A samu dare ɗaya bayan yara sun kwanta, a buɗe jeri guda, ni na sa wa nawa suna "Sabo", a juye duk abin da ke kai a ciki ba tare da tsarawa ba. Bashin mai niƙa, ɗinkin da ke wurin tela, ta'aziyyar da ba a je ba a Bagaji, rufin ɗakin da ke yoyo, littafin da wata malama ta ara. Babba da ƙarami, duk a rubuta. Jerin zai yi tsawon da zai ba mutum tsoro, amma dama can yana ɗauke da su, ganinsu ne bai taɓa yi a jere ba. Daga ranar, doka ɗaya ce ba a karya ta: duk "to" da ta fita daga baki, kafin a bar wurin ta shiga "Sabo". Ina tsayawa a bakin hanya in rubuta, mai maganar tana kallo. Ban taɓa ganin wadda ta ji haushi ba. Sai ma ta tafi da natsuwa, ta ga maganarta ta samu wurin zama.

Inda mutane da yawa ke tuntuɓe shi ne yadda ake rubuta aikin. Sai ka ga an rubuta "wake", ko "takardar haihuwa", ko "Inna". Wannan kan magana ne, hannu ba ya kama shi. Duk ranar da ido ya sauka a kan "wake" sai an sake tunani daga tushe, gajiya kuma ta sa a tsallake shi zuwa gobe. Ba'amurken nan David Allen, a littafinsa Getting Things Done na 2001, ya dage a kan tambaya ɗaya: mene ne abu na gaba da jiki zai tashi ya yi? Na ga gaskiyarsa a wakena. Abin da nake so shi ne waken ya kai bazara ba ƙwari, ba kuma tare da an zuba masa magani ba. Hanyar ita ce buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje, wanda ya shigo Nijar tun 2007. In waken ya bushe sarai aka ɗaure kowace leda daban, iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu. To, "wake" ya rabu uku ke nan: "shanya wake a kan tabarma ranar Asabar", "sayo buhun PICS uku a Dogon Dutsi", "kira yaron maƙwabta ya taya ni ɗaurewa". Kowanne yana farawa da abin yi, kowanne ana iya cewa an yi ko ba a yi ba. Haka "Inna" ta zama "karɓo kuɗi bayan an tashi lakwal, in kai wa Inna kafin magariba". Allen yana da wata ƙa'ida kuma da na ɗauka yadda take: abin da bai wuce minti biyu ba, kamar kiran waya ko tura lamba, a yi shi nan take, kada a ɓata lokacin rubuta shi.

Bayan an gyara rubutun sai rabo. Wasu Turawan da ke koyar da wannan sukan raba ayyuka bisa manyan buruka na rayuwa. Ni bisa wuri na raba nawa, saboda a nan tafiya ce ke cin kuɗi da yini. Tun 1906 da Faransawa suka ɗauke mazaunin mulki daga Matankari suka kai Dogon Dutsi, mu ƴan tsohuwar fadar Arewa muka koma masu bin hanya zuwa can: kotu, banki, babbar likita, kantunan da ke da abin da babu a nan. Kilomita 15 ne ko kusa da haka, amma kowace tafiya da kuɗin motarta ko na kabu-kabu, zuwa da dawowa. Ba abin da ya kai ciwo irin ki dawo gida ki sauke mayafi sannan ki tuna da abu na huɗu. Don haka ina da jeri mai suna "Dutsi". Duk abin da sai can ake samunsa, can yake kwana har ranar tafiya. In na sauka a tasha na buɗe shi, in bi ɗaya bayan ɗaya ina dannawa suna ɓacewa. In maigida ne mai tafiya, in karanto masa ko in tura masa. Wannan jeri shi kaɗai ya isa dalilin sauke manhajar.

Sauran kaɗan ne: "Lakwal", "Gida da gona", "Asusu", da wani mai suna "Jira". Shi "Jira" na abubuwan da suka bar hannuna ne suka koma hannun wani: ɗinki a wurin tela, amsar da darekta ya ce zai kawo, kuɗin da ƙanena ya ce ƙarshen wata. Ina rubuta wanda abin ke wurinsa da ranar da muka yi magana. In lokacin tuntuɓa ya yi, ba na zuwa da zargi ko kame-kame, sai in ce, "Yaya, ranar Litinin waccan muka yi da kai, ko an samu?" Jeri biyar ko shida sun isa. Wanda ya buɗe ashirin, raba aiki zai zame masa aiki.

Maganar sa rana tana buƙatar a tsaya a kanta, domin nan ne tsarin ke rayuwa ko ya mutu. Manhaja tana ba ka damar sa wa kowane aiki rana da sa'a, sai sabon shiga ya sa wa komai. Bayan mako biyu ayyukan da ranarsu ta wuce sun taru sun cika fuskar salula, ƙararrawa na ta bugawa, mutum ya saba da share ta ba dubawa, har ranar da ta buga don abu mai muhimmanci ya share. Ni rana ba ta hawa kan aiki sai in wucewarta na da hasara ta gaske.

Takardar haihuwa tana cikin irin waɗannan. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa. In suka wuce, sai an bi ta kotu, ga wahala ga kuɗi, kuma mu malamai mu ke ganin ƙarshen abin, ranar da yaro ya kai ajin jarrabawa aka nemi takarda babu. In mace ta roƙe ni, nakan tambayi ranar haihuwar in sa tunatarwa a ranar da za ta yi arba'in. Ranar ba ta ɓacewa kowa, kuma akwai sauran kwana 20 na gyara in an samu tangarɗa. Haka allurar jarirai: sati 6, sati 10, sati 14, sannan wata 9. Ranar da aka karɓo katin likita a zauna a shigar da su duka huɗu a zama ɗaya, a huta. Sai maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa da damina ga yara ƴan wata 3 zuwa 59, wata-wata, galibi daga Yuli zuwa Oktoba. Na kwana uku ne. Na farko a gaban masu rabawa ake sha, na biyu da na uku uwa ake bar wa, a daidai lokacin da noma ya ɗauke hankalin kowa. Waɗannan biyun su ake samu a ƙarƙashin katifa bayan wata guda. Tunatarwa biyu ce kacal, gobe da jibi, amma a ganina babu abin da salula ke riƙe mini da ya fi su daraja.

Sa'a kuma da lokutan salla nake auna ta. Ba wanda ke ce mini "ƙarfe huɗu da kwata" a garin nan. "Bayan la'asar" ake cewa. Don haka na tsai da lokuta huɗu da na san hannuna yakan zama sake: bayan asuba, tashin lakwal, bayan la'asar, bayan isha'i. Duk tunatarwa a ɗayansu take faɗawa. Ƙararrawar da ta buga ina gaban allo ko ina tuƙa tuwo, bugun banza ta yi.

Akwai ayyukan da ke dawowa da kansu, su manhaja ta fi kowa iyawa: a danna maimaitawa sau ɗaya, shi ke nan. Lissafin asusu kowace Laraba da dare kafin taron Alhamis, duba ɗaurin buhunan wake farkon kowane wata, kiran gwaggona kowace Juma'a. Amma a kula da abu biyu da masu ƙera manhajar ba su yi tunaninmu a kai ba. Na farko watannin Musulunci. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta Turawa da kwana 10 ko 11, saboda haka in aka ce wa manhaja ta maimaita "sayen ragon turke" kowace shekara, baɗi za ta makara, bayan shekara uku ta makara da wata guda. Abin da ya shafi azumi da layya da hannu nake sa shi duk shekara. Kalandar Google tana iya nuna kwanan watan Hijira a gefe in an kunna, sai dai na lissafi ne, yakan saɓa wa ganin wata da kwana ɗaya. Na biyu damina. Shuka ba ta da ranar kalanda, ruwa take jira. Abin da ke da rana shi ne shirinta: ɓare irin gyaɗa, gyara hauya, kai taki gona, duk a watan Mayu. Sauran na tara su ƙarƙashin aiki ɗaya mai suna "in ruwa ya sauka", ba rana ba sa'a. Daren da aka yi ruwan shuka, shi nake buɗewa.

WhatsApp fa? Tun ƙarshen 2022 mutum na iya tura wa kansa saƙo, kuma na san masu ajiye ayyukansu a can. Ban ga laifin a jefa abu a can cikin gaggawa ba, amma wurin ba ya nuna abin da aka gama, kuma wanda ya shiga don duba aiki ɗaya ba ya fita sai ya saurari saƙo bakwai. In na ji saƙon murya mai buƙata a ciki, ina fitar da buƙatar in rubuta ta a "Sabo" cikin kalma biyar ko shida, in bar saƙon inda yake.

Da safe bayan asuba nakan duba abin da ke da ranar yau, sannan in zaɓi uku daga sauran in sa musu tauraro. Uku kawai. Yinin mace a nan ba nata ba ne ita kaɗai: baƙi za su zo, yaro zai yi zazzaɓi, za a yi rasuwa a unguwa a bar komai a tafi. In ukun suka samu, alhamdu lillahi. In an samu ƙari, riba ce. Ranar Lahadi bayan la'asar kuma nake zaman mako, kamar rabin sa'a. In kwashe abin da ya taru a "Sabo" in kai kowanne jerinsa, in bi "Jira" in ga wa ya kamata a tuntuɓa, in leƙa mako mai zuwa. Abin da ya daɗe ban taɓa shi ba nakan tambayi kaina gaskiya: zan yi ko ba zan yi ba? In ba zan yi ba in goge, in kuma alkawarin wani ne in je in gaya masa. Wanda ya bar wannan zama na mako, cikin wata guda jerinsa zai daina faɗin gaskiya, shi kuma ya daina yarda da shi ya koma riƙewa da ka.

Amfanin da ban zata ba shi ne wanda ya fi girma. Mu mutane ne masu kunya, musamman gaban manya. "A'a" tana yi mana nauyi, sai mu ce "to" alhali mun san babu hali, daga baya a shiga ɓuya da kauce wa hanya. Wata Talata shugabar asusunmu, dattijuwa ce sa'ar mahaifiyata, ta same ni a ƙofar gida.

"Ɗiyata, kwaɗon akwatin nan ya lalace, kayen ma ya cika. Gobe ki leƙa Dutsi ki sawo mana."

Na buɗe salula a gabanta na duba. "Inna, gobe da jibi ina gyaran takardun jarrabawa, darekta na jira. Asabar in Allah ya kai mu zan shiga Dutsi, ga shi na rubuta tare da sauran. Taron jibi sai mu ɗaure akwatin a ɗakinki."

Ta ɗan yi shiru, ta ce, "To ɗiyata, Allah ya kai mu. Gara wannan da 'to' wadda ba ta da rana."

Ranar Asabar da la'asar kwaɗo da kaye suna hannunta. Da jerin babu, da "to" zan ce, in kwana biyu ina jin nauyinta. Wanda ya san abin da ke kansa shi ke iya faɗa wa babba gaskiya cikin ladabi, ya kuma cika abin da ya ɗauka.

Wata abokiyar aikina ta taɓa ce mini ita ba za ta iya rubuta gaisuwar dangi a salula ba, kamar an mai da zumunci aikin ofis. Na fahimce ta, amma ban bi ta ba. Gwaggon da ke Tibiri ba ta san ko ƙararrawa ce ta tuna mini ba. Abin da ta sani shi ne duk Juma'a tana jin muryata. Dubiya, barka, ta'aziyya, su ne suka fi saurin faɗuwa in aiki ya yi yawa, domin ba mai bin ka bashinsu a fili. Ni a sahun gaba nake sa su.

Sai matsalolin wurinmu. Kuran yakan ɗauke. Waɗanda suka ga watannin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, daga Agustan 2023, sun san salula na iya kwana a mace ko ta yini a wurin mai caji. Saboda haka kowane dare nakan kwafe abubuwan gobe a bayan kayen shirin darasi, layi uku ko huɗu da bik. Na biyu, salula da yawa suna da tsarin tattalin batir da ke kashe manhajoji a ɓoye, sai tunatarwa ta ƙi fitowa. A shiga saitin batir a cire manhajar daga cikin waɗanda ake kashewa, a ba ta izinin sanarwa, sannan a gwada: a sa tunatarwa ta bayan minti biyar, a kulle salula, a ga ko za ta buga. A kuma duba agogon salular da kwanan watanta daidai suke.

Na uku ya fi su muhimmanci. Yawancinmu mai shagon salula ne ko wani yaro ya buɗe mana asusun Google, ba mu san adireshin ba balle kalmar sirri. Ayyukan da aka rubuta a asusun suke zaune; in salula ta ɓata ko ta faɗa ruwa, da adireshin da kalmar sirri za a same su cif a sabuwa, in babu kuwa sun tafi. A rubuta su a takarda a ajiye inda ake ajiye takardun gida, a kuma canza kalmar in wani ne ya zaɓa. Sannan a tuna salula a gidajenmu ta kowa ce, yara na wasa da ita, maƙwabciya na aron kira. Sunan wadda ta ci bashin asusu da yawan kuɗin ba su shiga tawa. Wannan sirrin mata ne, wurinsa kaye, kaye kuma wurinsa akwati. Abin da nake rubutawa bai wuce "duba biyan wannan mako" ba.

Wadda ba ta karatun boko ba a bar ta a baya ba. A Google Keep ana danna alamar makirfo a faɗi abin da baki, muryar ta zauna. Ana ɗaukar hoton katin likita ko buhun da za a saya. Na taya wata maƙwabciyata shirya nata da ƴan hotunan nan na allon rubutu: allura ga ranar rigakafi, akuya ga maganin dabbobi, jakar kuɗi ga zubi. In ta buga ta ga allura, ta san inda za ta. Wanda ya yi makarantar allo yana iya sa allon rubutun Larabci ya rubuta da ajami. Mai boko kuma Gboard tana da Hausa da ƙ da ɗ da ɓ. Ko ƙaramar salula mai maɓallai tana da kalanda da ƙararrawa, sun isa riƙe ranakun allura huɗu.

Roƙona ga ƴan'uwana malamai, da ma'aikatan likita, da ɗaliban da ke dawowa hutu daga Doso da Yamai: ku ne ake miƙa wa salula a ce "duba mini". In an miƙo muku, bayan kun gyara abin da aka kawo, ku tambayi mai ita ko akwai jariri a gidan. In akwai, ku karɓi katin likita ku shigar mata da ranakun allurar da ranar takardar haihuwa, ku gwada ƙararrawar a gabanta ta ji da kunnenta. Ba ya cin minti goma.